Don Allah wa ya san kan Notgeld?

Salam jama'a, a taimaka min. Ina tara kuɗin takarda ɗin nan da ƙananan garuruwan Jamus suka riƙa bugawa da kansu daga 1914 saboda ƙarancin sulalla, to na sayi wasu ƴan takardun 1921 masu darajar pfennig 50 (pfennig kamar kwabo ne a tsohon kuɗin Jamus), wallahi sababbi fil ko lanƙwasa babu, kalar ma kamar jiya aka buga. Na san a wancan lokacin garuruwa da yawa don masu tarawa kawai suke bugawa, ba a cefane da su, amma ta yaya zan gane na asali da wanda aka gurza a firinta kwanan nan? Takardar zan duba ko lambar jiki? Mai sayarwan ya daina ɗaga waya.