Me za mu kira "mycoherbicide" da Hausa?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina fassara wani shiri na rediyo a nan Damagaram kan ciyawar nan da ta addabi kogin Isa a Yamai, wadda ake ce wa "jacinthe d'eau" da Faransanci, sai kalmomi biyu suka tsaya mini. Ta farko sunan ciyawar kanta. Daga Kudancin Amurka ta fito, yankin kogin Amazon, ta bayyana a ruwan Legas a 1984, kuma cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Ta biyu ita ce "mycoherbicide": a nemo cutar da ke kama ganyen ciyawar, a raine ta a ɗakin bincike, a fesa mata ta kashe ta. Ku taimaka.

Wani masunci daga Gidimuni: Malam, kada ka ce kainuwa kawai. Kainuwarmu mun san ta, ganyenta a buɗe kamar salati, kuma a tabkinmu kacala ce ta fi damunmu. Na ga waccan a Gaya. Gindin ganyenta a kumbure yake kamar ɗan tulu, shi ke riƙe ta a kan ruwa. Ka ce kainuwa mai tulu.

Na karɓa, Baba, Allah ya ƙara girma. Saura ta biyun.

Wani ɗalibi: Ni na ce "cutar aike", tunda aika ta ake yi.

Ƙanena, ma'anar ta fito, amma mai sauraro a ƙauye zai ɗauka jifa ko sammu ake nufi. Ba zan iya faɗin haka a rediyo ba.

Wata malamar gona daga Mirya: Yaya, "maganin ciyawa" ma ka bar shi, don mutane za su zaci gubar nan ce ta cikin galan, alhali wannan abu ne mai rai. Burtuntuna ta zo mini a rai, danginsu ɗaya da cutar da ake fesawa, sai dai ita kan dawa take ci, kuma manomi na jin sunanta gabansa zai faɗi. Tsoron nasa yana da tushe. Cikin irin waɗannan cututtuka akwai wadda ake kira Myrothecium roridum, tana kashe wannan ciyawa sosai, amma tana kama auduga da tumatir, wa zai yarda a fesa ta kusa da garka? Cercospora piaropi kuwa, da aka gani tana cin ciyawar a Florida ta Amurka a 1973, ba ta cika tsallakawa kan amfanin gona ba. Ɗigo-ɗigo take yi a ganye har ya bushe, kuma ta fi ƙarfi inda ƙwarin Neochetina suka riga suka ji wa ganyen rauni. Ni funfuna zan ce. Kowace mace ta san ta a kan tuwon da ya kwana biyu.

Malama, kin warware mini. Na so "funfunar feshi" don gajartarta, amma ba ta faɗi aikin ba. Zan ce "funfunar kashe haki" a farkon shirin, in bayyana cewa kowace da hakin da aka zaɓa mata, daga nan in ci gaba da "funfunar kainuwa mai tulu". Ranar Alhamis za mu naɗi shirin, wanda ke da gyara ya kawo kafin nan.