Abin da aka tattauna kan tace rubutun mujallar tsofaffin ɗalibai

Jama'a, ga abin da na tsinto a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda a shiga labari kai tsaye: wane ne, me ya same shi. Doguwar gaisuwa da jinjina wa shugabanni a yanke su.

2. A binciki shekaru, kada a dogara da abin da marubuci ya tuna. An ba da misalin mai cewa ya gama Jami'ar Bayero a 1974, alhali a lokacin kwaleji ce ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a.

3. Laƙabi ne ya raba kai. Wasu sun ce a jero Farfesa, Alhaji da sarauta duka, don dattijo zai ji an rage masa girma. Wasu sun ce a ambaton farko kawai, daga nan suna ya wadatar. Ni na fi karkata nan, shafi ba ya miƙewa.

4. Labarin rasuwa, a tuntuɓi iyali kafin bugawa. Babu mai musu.

5. Nuna wa marubuci gyara: mafi yawa sun ce sai idan ma'ana ta taɓu.