Likita ya ce jinin Baba ya yi kauri, a kira wanzami ko a jira asibiti?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nike nema akan mahaifinmu. Shekararshi 61, direba ne, Katsina zuwa Kano yake yi tun muna yara. Ranar Talata da asuba yana alwala sai buta ta suɓuce mashi daga hannun dama, ya duƙa zai ɗauka hannun ya ƙi, Hajiya ta leƙo ta ga bakinshi ya karkace yana magana kamar wanda ya cika baki da tuwo. Kafin mu samo mota kamar minti 20 komai ya dawo daidai, har yana faɗa wai a ƙyale shi ya tafi tasha. Da ƙyar muka kai shi asibiti, BP 160/100, aka yi hoton kai likita ya ce babu zubar jini, amma a gwajin jini PCV ɗinshi 56, wai jinin ya yi kauri, an ba shi asfirin da maganin hawan jini an ce mu dawo a ƙara bincike. To yanzu gida ya rabu biyu, Kawu ya ce ai mataccen jini ne a kira wanzami ya yi mashi ƙaho shikenan, Hajiya kuma ta siyo maganin ƙarin jini a kemis tunda ta ga ya yi laushi. Ni dai wallahi kaina ya kulle, ashe jini yana yawa har ya zama ciwo? Yana shan taba tun da daɗewa, kuma a hanya ba ya son shan ruwa don kar fitsari ya riƙa tsaida shi.

Maman Khalifa:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni nas ce, abu na farko dan girman Allah ku ɗauke wannan kwalbar ƙarin jinin yau ɗin nan, ku lallaɓa Hajiya ku yi mata bayani, mai PCV 56 ba ƙarin jini yake buƙata ba. PCV ɗin nan awo ne na yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, namiji lafiyayye yana tsakanin 40 zuwa 50 haka. Ka ɗauka kamar fura ce, in aka dama ta da nono isasshe tana bin ludayi sumul, in dawon ya yi yawa sai ta yi kitif. Jini dama can ya fi ruwa kauri kamar sau uku zuwa huɗu, in ƙwayoyin suka ƙaru sai tafiyarshi ta yi nauyi musamman a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma jinin da ke tafiya a hankali shi ya fi saurin yin guda ya toshe hanya.

Na Ƙofar Sauri:
Ku yi mashi ƙahon kawai malam, kakanninmu da shi suka rayu. Ni duk shekara sai an yi mani kuma garau nike jin jikina.

Ɗan Rafin Daɗi:
Na Ƙofar Sauri ba wanda ya raina ƙaho, amma wannan maganar ta wuce nan. Likita ne ni, bari in ɗan tsawaita. Ɗan'uwa abin da ya samu Baba da asubar nan gargaɗi ne, jijiya ce ta toshe na ɗan lokaci sannan ta buɗe, kuma kwanakin farko bayan irin wannan su ne mafi haɗari, babbar shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya, don haka kada ku ce tunda ya miƙe an wuce wurin. Shanyewar iri biyu ce, ko jijiya ta toshe ko ta fashe, ta toshewa ta fi yawa kuma ita ce kaurin jini ke taimaka mawa. Hoton da aka yi shi ya ba likitanku damar ba da asfirin, da fashewa ce da asfirin ƙara ɓarna zai yi, shi yasa nike jin takaici in na ji an ɗura ma mutum shi a gida kafin a je asibiti. Kuma duk da mutane na cewa yana tsinka jini, asfirin ba ya rage kauri, hana ƙwayoyin da ke haɗa guda mannewa yake yi.

Tambayar da ta kamata yanzu ita ce me ya kai PCV ɗin 56. Wani lokacin ruwan jiki ne ya yi ƙasa, ga zafin Katsina na watan Afrilu da ke haura 40, ga mutum cikin mota tun safe ba ya shan ruwa, in aka sake awo bayan ya sha ruwa sosai sai ka ga ya sauka. Taba ma tana yi, hayaƙin na rage iskar da jini ke ɗauka sai jiki ya ƙara ƙera ƙwayoyi don ya cike giɓin, kuma tana ƙara sinadarin da ke sa jini danƙo. Ciwon huhu, da irin minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, da wasu matsalolin ƙoda duk suna kawo shi. Sannan akwai cutar ɓargo da ake kira polisaitimiya bera, ɓargon ke ta ƙera jini ba tsayawa, ana gano ta da wani gwajin jini da ake kira JAK2. Ita wannan lallai ana ɗibar jini, amma a asibiti, ta jijiya, leda guda wajen mililita 450, ana awo har a sauko da PCV ƙasa da 45. Ƙaho ɗan abin da ke ƙarƙashin fata yake jawowa, ba a san nawa ya fita ba, kuma mai shan asfirin in aka tsaga shi jinin na iya jinkirin tsayawa. Ku roƙi a haɗa ku da likitan jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Maganin hawan jinin kau ko kwana ɗaya kada ya tsallake, don hawan jini ya fi kaurin kawo shanyewa nesa ba kusa ba.

Baban Ummi Daura:
Ɗan'uwa ka ji maganar likita. Namu mahaifin haka ya yi, hannu ya mutu ya dawo, muka ce iska ce aka yi ta hayaƙi da rubutu, kwana biyar tsakani ya faɗi a zaure, shekara uku ke nan sai an kwantar an tayar. Har yau in na tuna kwana biyar ɗin nan sai ƙirjina ya yi nauyi. In kun sake ganin baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku duba agogo ku ruga asibiti, an ce mana allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi da farawar abin ake yin ta.

Maman Khalifa:
Kuma a ajiye mashi gorar ruwa kusa da shi, in fitsarinshi ya yi ja kamar shayi to ruwan bai isa ba. Sai dai in likita ya taɓa ce mashi yana da ciwon zuciya ko ƙoda, a tambaya nawa zai sha. Tuƙin ma a dakata tukun sai likita ya ba da izini, akwai rayukan fasinja.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta ma Hajiya komai, da kanta ta miƙo mani kwalbar. Kawu bai gamsu ba amma ya yarda a jira sakamakon gwajin. Makullin mota yana hannun yayanmu, tabar ce dai har yanzu muke fama, jiya na tsinci kwali a ƙarƙashin dardumarshi. Litinin za mu koma a sake awon PCV, ku sa mu a addu'a.