Shawarwarin da aka bayar kan gyaran tsohuwar jita a gida

Da aka yi tambaya kan yadda mutum zai gyara tsohuwar jitar katako a gida, abin da kusan kowa ya fara faɗa shi ne kada a yi gaggawar ɗaukar sanfefa. A kwance tsirkiyoyi tukuna, a zura ƙaramin madubi da tocila ta ramin gaba, a duba ko sandunan da ke riƙe da allon fuska daga ciki sun saki. Idan sun saki, ko jakin da tsirkiya ke hawa ya ɗago, gam ɗin katako irin Titebond ake sawa, a matse, a bari ya kwana. Sufa gulu a jaki kuwa ɓarna ce, don ranar da za a sake cire shi sai ya tafi da katako.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne batun kankare tsohon fenti. Allon fuska bai fi kaurin milimita 3 ba, jita mai araha kuma falle-falle aka manna, na saman siriri ƙwarai. Da hannu ake gogewa, a bi layin katako, da sanfefa mai lamba 220 sannan mai lamba 320. Banis kuma shafa kaɗan-kaɗan, domin mai kauri yana danne amo. Wasu suka ce in tsohuwar jitar kamfanin Martin ce ko Gibson, a bar mata fentinta, sabuntawa na karya mata daraja. Ni ma nan na tsaya.

Ƙarfen cikin wuyan jita, wanda ake juyawa don daidaita lanƙwasar wuyan, kwatan juyi ake masa a lokaci guda. Tsagewa kuma yawanci bushewa ce ke kawo ta, don haka da hunturu a ajiye jitar cikin akwatinta tare da soso mai ɗan laima.