Tambaya kan aikin fasaha da marufan kwalba

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani aikin El Anatsui rataye a bango kamar ƙaton zane mai ƙyalli, sai aka ce mini marufan kwalba ne. Yaya ake haɗa shi, kuma me ya ba shi daraja?

Malama: Wa alaikumus salam. El Anatsui mai aikin fasaha ne, mutumin Ghana, an haife shi a 1944, ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Mataimakansa sukan baje marufan kwalaben barasa na alminiyam, su huda su, su ɗinke da wayar jan ƙarfe har dubbai su zama shimfiɗa guda, wadda masu ratayewa ke lanƙwasawa yadda suka ga dama.

Baba Maƙeri: Malama ta yi bayani. Darajar tana cikin tarihi, domin barasa na cikin kayan da Turawa suka kawo lokacin cinikin bayi. A 2015 El Anatsui ya samu lambar girmamawa a bikin fasaha na birnin Venice da ke Italiya.

Ɗan Kurmi: Na gode, Baba. Ashe abin da 'yan jari-bola ke aunawa a sikeli yana iya kaiwa can.