Neman dangin kakar surukata a tsibirin Lewis

Kakar Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Matar ɗana 'yar Glasgo ce, kakarta ta wajen uwa daga tsibirin Lewis na Sikotlan ta fito, sunan gidansu MacLeod, kuma ta jima da rasuwa. Yarinyar nan tana son sanin danginta saboda jikokina, ni ma abin ya shiga raina. Ta ina za mu fara?

Malam na Aberdeen: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da ScotlandsPeople, shafin intanet na hukumar adana bayanai ta Sikotlan. Duba sunaye kyauta ne, sai za a buɗe hoton takarda ake biya. Tun 1855 suke rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Takardar mutuwa za ku fara nema, don tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidan su uwar. In rasuwar ba ta kai shekara 50 ba, ba za ta buɗu ta intanet ba, sai ku aika a turo muku.

Maman Biyu: Hajiya don Allah kada ku kashe ko kwabo tukuna. Neman MacLeod a Lewis kamar neman Musa ne a Kano. Ƙauye guda sai ki tarar da Donald MacLeod birjik, su kansu da laƙabi suke rarrabewa, ko su ce wane ɗan wane jikan wane. Abin da zai fitar da ku shi ne sunan ƙauyen da lambar gonar gidan, domin kowace gona da tata lamba, kuma gida ɗaya kan daɗe a kanta. Maƙwabciyata a bayan wani tsohon ambulan ta samu nasu, lamba ce kawai da sunan ƙauye, ko titi babu. Ku zazzage akwatin tsohuwar, ku duba bayan hotuna da shafin farko na Baibul ɗinta. Sannan ku zaunar da mahaifiyar surukar taki tun tana iya tunawa.

Kakar Yara: Allah ya saka, 'yar uwa. Yanzu aka kira ta, ta ce Ness take jin uwarta tana ambata.

Ɗalibi a Edinbura: Mama ai kun yi dace. Ness, wani yanki a arewacin Lewis, na da ƙungiyar tarihi ta mutanen gari, Comunn Eachdraidh Nis, tun 1977 suke tara hotuna da tarihin gidaje. Ku rubuta musu. Sai ku lura da suna: mutanen wurin da yaren Gelik suke magana, magatakarda kuma da Turanci yake rubutawa. Wanda ake kira Tormod a gida, Norman ne a takarda, Oighrig kuma Euphemia ko Effie. Ƙidayar 1921 ma ta fito, za ku ga duk wanda ya kwana a gidan.

Malam na Aberdeen: Gaskiya ne. In kun gangara ƙasa da 1855 ne aikin zai yi tsauri, littattafan cocin tsibirin ba su fara da wuri ba. Nan sai shafin Hebrides People, na cibiyar Seallam da ke Northton a Harris, kudu da Lewis, su sun haɗa takardu da abin da tsofaffi suka faɗa da baki. In kuma wani ɗan uwa ya ɓace muku, ku leƙa Kanada. A 1851 an kwashi ɗaruruwa zuwa can, a 1923 jirgin Metagama ya tafi da matasa kusan 300.

Kakar Yara: To in mun samu lambar, zuwa can fa? Da yara za mu.

Maman Biyu: Jirgin ruwan CalMac daga Ullapool zuwa Stornoway, babban garin Lewis, awa biyu da rabi. In da mota za ku, ku kama wuri da wuri, musamman lokacin hutun makaranta. Kada ki sa ziyarar gidan kowa ranar Lahadi, Hajiya, ranar ibadarsu ce kuma yawancin shaguna a rufe suke. Ku yi cefanenku tun Asabar.