Kafin ka ƙara wa Switch gudu, duba cajarka

Masu gyaran na'urorin wasa a Wuse, Abuja, sun tattauna kan ƙara wa Nintendo Switch gudu fiye da yadda kamfani ya saita. Injinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa wasan (CPU), na tafiya a gudun 1020 MHz, masu ƙarawa kan kai shi har 1785.

Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne caja. Injin da aka matsa wa yana zuƙar wuta sosai, cajar waya kuwa ba ta iya ciyar da shi. Sai ka ga batir na raguwa alhali tana jone, wasan ya daskare, ko na'urar ta mutu tsakiyar wasa. Cajarta ta asali wat 39 ce, ita suka ce a riƙe, da kebul mai kyau. Wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka ma an yi kashedi a kanta. Fawa bank mai PD, wato tsarin caji mai ba da wuta da ƙarfi, ya fi.

Kan zafi aka rabu. Wasu sun ce canza man sanyaya inji ya wadatar, wasu suka ce zafin Abuja a watan Maris ba ya ragawa kowa. Ni dai na fi karkata ga na biyun. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, kuma da zarar an ƙara, garanti ya tafi ke nan.